Kunnen da Mai Aski Ya Yanka

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, sai dai kaina ya ɗaure.

Yaya, na je ofishin neman zama ɗan ƙasa. Wata mata mai tabarau ta ce doka ta ba wanda ya yi yarinta a ƙasar nan damar nema. Na ce mata a nan aka yaye ni, a nan na yi famfara. Ta ce ina takarda. Na ce gara ta cinye akwatin Baba tun shekarar da muka koma gida bayan rasuwarsa. Ba ta yi min dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce to in kawo mutum biyu waɗanda ba dangina ba, da suka san ni ina yaro, su rantse. In takardar zamana ta ƙare ban kawo su ba, sai in tattara in dawo, aikin wankin motar da na samu da kyar shi ma ya tafi. Ƙarshen wata mai zuwa take ƙarewa.

Na je tsohon layinmu. Gidan da muka yi haya an rushe shi, motoci ake ajiyewa a wurin. Makarantar da na yi aji biyu ta zama shagon katifa. Ina tsayar da tsofaffi ina tambaya ko sun gane ni, suna kallona kamar mai tallar maganin ƙarya. Abin da na tarar yana nan kamar da, shagon mai aski ne kawai, da jar kujerarsa. Na ja hulata na tsallaka ɗaya gefen titi, don na san akwai wata tsohuwar rigima a tsakaninsa da Inna, ko da yake ban riƙe labarin sosai ba.

Ki tambayar min Inna wa zan nema. Ki yafe rubutun, kin san iya karatuna.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, na karanta wa Inna. Ƙafar da sauƙi, bakin ne dai yana nan yadda ka sani.

Tunda ka manta, bari in tuna maka. Kana ɗan ƙarami aka kai ka aski, kai ba ka zama wuri ɗaya, shi kuma idonsa na kan talabijin ana ƙwallo. Aka ci, ya juya, almakashi ya ɗauke maka saman kunne. Inna tana guga a gidan wankin da take aiki, ta fito da dutsen gugar a hannu, ta bi shi har sai da ya ɓuya a bayan motar shara. Ranar ta rantse jininta ba zai ƙara taka cikin shagonsa ba. Da na karanta mata wurin jar kujera, cewa ta yi ashe mugu yana daɗewa. Don haka kada ka shiga.

Ta ce ka nemi matar da ke da gidan wankin, da mai kemis ɗin da ya ɗinke ka. Kuma ka ci gaba da rufe kunnen nan da hula, musamman a ofis, kada su ɗauka a wurin faɗa ka samo shi. Ka riƙa cin abinci. Muna yi maka addu'a.

Yayarka

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kyau. Ki zauna kafin ki karanta, kuma ki fara karantawa ke kaɗai.

Matar gidan wanki ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mai kemis ya sayar da shagon, yaran da ke ciki ba su san inda ya koma ba. Kwanaki suna ta tafiya, har na fara ɗaure kayana a jaka. Rannan na tashi daga aiki ƙafata ta kai ni layin, ruwa ya sauko, rumfar da ta fi kusa ta mai aski ce. Ban shiga ba, Yaya, wallahi a waje na tsaya.

Ya fito yana sharo gashi. Ya tsufa, ya ranƙwafa. Ya ce in shigo kada in jiƙe. Na ce ba zan iya ba, uwata ta rantse. Ya tambayi wace ce uwata, na ce mai guga ce a gidan wankin da ke can da. Sai ya jingina tsintsiyar da bango, ya daɗe yana kallon hulata.

Ya ce, "Na hagu. Daga sama."

Na cire hular. Ya kama kaina da hannu biyu ya juya shi wajen haske kamar yadda suke yi, ya ce aikinsa ne, ko a kasuwa ya gani zai gane. Ya ce tun ranar ya fitar da talabijin daga shagon, har yau bai mayar ba. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ce ni wane irin sakarai ne, sati da sati ina yawo a layin na rufe abu ɗaya da kowa zai gane ni da shi. Ya ce ai babu tsohon da ya manta ranar da aka ga mai aski yana gudu da farar riga, mace na bin sa da dutsen guga.

Ashe mai kemis abokinsa ne, kullum tare suke dara. Ranar zuwa ofis su biyu suka zo da kayansu masu kyau, mai aski ya rufe shago ranar ciniki saboda ni. Matar nan mai tabarau ta ce in bar hulata a kai, ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya faɗi kunnen da wurin da shekarar, da lambar gidanmu, har da sunan Baba. Mai kemis ya miƙa mata babban yatsansa, ya ce ga inda na cije shi yana ɗinki, shi ma a rubuta. Nan ne na fara ganin haƙoran matar. Ta ce in cire hula, ta duba, ta buga hatimi. An karɓi neman, an ƙara min zama har a yanke hukunci, kuma ta ce ba ta ga abin da zai hana ba.

Ban san yadda ake gode wa mutumin da ya yanke maka kunne ba. Na durƙusa a bakin ofis, ya ɗaga ni, ya ce ba godiya yake so ba, in roƙar masa Inna ta yafe, ya gaji da ɗauka. Ni dai na kasa. Ke kika san yadda ake shigar mata.

Na daina sa hular. Iska tana shiga, da daɗi.

Ƙaninki mai godiya,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Ban tsallake ko layi ɗaya ba, duka na karanta wa Inna. Ta sa na maimaita wurin talabijin, sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce hayaƙi ne, alhali ba a kunna wuta ba.

Ga saƙonta yadda ta faɗa: ka gaida mai kemis. Ka ce wa mai aski ta yafe duniya da lahira, Allah ya saka masa da alheri, rantsuwar kuma za ta yi kaffara, ka shiga ka zauna. Amma in zai yi maka aski, ka riƙe na daman da hannunka.

Yayarka