Bishiyar da Ba Ta Cikin Zanena

Ya sanyin idona, inuwata ta la'asar, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa,

“Ai mai sayar da dashen ce ta ce nan ya fi dacewa,” in ji Gwaggonka ɗazu, tana nuna mini gindin katangar yamma da haɓa. “Kyauta ma ta ba shi bishiyar, 'yata. Yarinya ga fara'a, ga albarkar hannu!” Na ce madalla. Ka san ni da ladabi.

Wata uku na yi ina zana tsakar gidan gonar nan na kakanka, inda muka ce za mu zauna bayan biki. Ka tuna ranar da ka riƙe mini bakin igiyar awo, daga rijiya zuwa tsohon rumbu, kana ta sakinta da gangan don in dawo kusa in yi maka faɗa? Ranar na wuni ina bin inuwa ina kafa tsinke, har na gano inda take sauka da yamma. Na sa rumman a gabas, lemun tsami a bakin magudana, na'a-na'a a ƙofar madafa. Wuri ɗaya tak na bari fili a takardar, taku huɗu, daidai bencin mutum biyu. Ban rubuta komai a kai ba. Na ɗauka za ka gane.

Shi ne ka cike shi da bishiyar turare ta wata mace!

Na tsuguna na tura yatsa, masoyina. Gindin rummanina ƙura ce zalla. Gindin tata kuwa laka, har gaɓa biyu. Har shingen ƙaya ka yi mata saboda awaki. Nawa kuma Allah ya tsare. Yaushe ka koyi tashi da sassafe don ban ruwa? Wa ya koya maka, ni da na yi wata uku ina roƙo?

Ba kishi nake ba. Shekara biyar na yi a jami'a ina karantar ƙasa da saiwa, ilimi ne ke magana. Irin wannan bishiyar ga ƙamshi, ga saurin tashi, ga rangwaɗa in iska ta kaɗa. Amma ba ta shekara huɗu, sai ta shanye maka rijiya, ta tsaga katangar da ta girmi mahaifinka.

To, ƙarya nake. Ko zuma take ɗigarwa ba na son ta! Ya zan zauna a tsakar gidana ina shaƙar kyautar wata mace safe da yamma? Kai ne rijiyar, hasken raina, kuma ban saba ganin wata saiwa na lallaɓowa wajenka ba.

Ba ta kai gwiwata ba, da hannu ɗaya zan tuge ta. Har na kama, na saki. Ba ni na dasa ba.

Ga fartanya nan na jingine maka, wasiƙar kuma tana ƙarƙashin bokitin da kake shayar da ita, don na tabbata nan za ka fara zuwa. Zanena na naɗe, zan tafi da shi. Ranar da ka kawo mini bishiyar nan da saiwarta a waje, zan dawo, da bencin a bayana. Ko shekara nawa ne, ba zan auna wa wani inuwa ba.

Gwaggo na ta kira, “Ba za ki jira shi ba, 'yata?” Ƙarar da za ta ce maka ta ji, ƙofa ce na ja.

Taka har abada,
Mai zanen