Sarkin Hayaƙi zai zo kallona ranar Asabar

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin don Allah ki ɓoye sunana, ki ɓoye har inuwata, domin rabin mutanen unguwarmu ta Nuzla suna cikin gurup ɗin nan, sauran rabin kuma ana karanta musu. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni yarinya ce 'yar shekara sha bakwai, a nan Jidda aka haife ni, Hausar ma a bakin Ummi na tsince ta, in kun ga na karkace ku yi haƙuri. Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya hutawa, Ummi tana cewa ranar da aka haife ni ungozoma ce ta fara ce min halas, ya isa haka. A hutun nan wata ƙawata ta ja ni wata ƙungiyar agaji da ke wajen unguwar Ammariyya. Aikinsu karɓar tsofaffin kwamfutoci daga ofisoshi da gidaje, a goge bayanan da ke ciki, wadda za ta gyaru a gyara a ba ɗalibai marasa hali, wadda ta mutu murus a kwance ta, roba gefe, ƙarfe gefe, batir gefe. Da farko teburin kwancewa aka kai ni, na ɓatar da sukurorin da za su isa a haɗa jirgin ruwa. Mai kula da mu wata Bahaushiyar Sudan ce, Abla muke ce mata, ta dube ni ta ce, ya binti, 'yata, hannunki ba shi da amfani a nan, amma bakin nan naki ba za mu bari ya tafi a banza ba. Ta sa ni cikin waɗanda ake koya wa jagoranci.

Aikin jagora shi ne, duk sabon ɗan sa-kai kafin ya taɓa ko waya ɗaya sai an zagaya da shi gidan. A nuna masa ƙofar karɓar kaya, ɗakin goge bayanai inda ba a buɗe fayil ɗin kowa ko da sunanka ka gani a kai, teburin gyara, kejin batura, sannan a ƙare a gaban wani ƙaton hoto da ke bangon kusa da ƙofar fita. Abla ba ta yarda da hadda ba. Sai ta sa ɗaya ya zama jagora, mu sauran mu zama baƙi muna jefa masa tambayoyin wauta, kuma dokarta ita ce duk maganar da wani ya ƙirƙiro ta shiga kunnen mutane, ta zama ta kowa, duk jagorori za su riƙa faɗinta. Ni kuwa nan na samu fili. A kejin batura nakan ce in ka jefar da guda ɗaya ƙasa sai dai a tsince mu a Port Sudan. A ɗakin gogewa na ce akwai asirin da in ya fita sai aure dubu ya mutu kafin la'asar. Ana dariya, Abla tana cewa tayyib, ya yi kyau, a riƙe wannan.

Hoton nan kuwa, wani ɗan sa-kai ne ya ɗauko shi a bayan wani kango a kudancin gari. Mutum ne a tsugune, ya naɗe fuskarsa da shimag, rawanin nan na Larabawa, ido kawai ake gani, yana ƙona wayoyin kwamfuta don ya cire jan ƙarfen ciki ya sayar, baƙin hayaƙi ya lulluɓe shi. Abin da ake so jagora ya faɗa shi ne, ga abin da ke faruwa in kwamfuta ba ta iso hannunmu ba, hayaƙin nan guba ne. Da aka zo kaina sai shaiɗanin bakina ya motsa. Na ce jama'a ku gaida Sarkin Hayaƙi, na ja mayafina na rufe hanci, na tsuguna kamar shi, na kama tari, irin tarin da ke farawa daga can ƙasan ciki ya hauro ya ƙare da fito kamar buta a kan wuta, sannan na bugi ƙirji na ce alhamdu lillahi. Wallahi har da mai faɗowa daga kujera. Abla tana share hawaye tana cewa ina kika samo wannan tarin, na ce baiwa ce Abla. Daga ranar Sarkin Hayaƙi ya shiga zagayen, duk jagorori suka koya, akwai wani yaro a cikinmu da ke ƙara birgima a ƙasa.

Satin da ya wuce Abla ta miƙo min tsumma ta ce tunda sarkin nawa ne in goge masa ƙura. Ban taɓa matsawa kusa da hoton haka ba. A can kusurwa akwai baro, a hannun baron an rataye kular abinci ɗaure da ƙyallen atamfa kore mai zanen makullai. Atamfar sallata ce ta bara, Ummi ta saya wajen wata hajiya a kasuwar Bab Makka, ragowar yadin take ɗaure wa Baba abinci da shi. Na ce a raina ai ba mu kaɗai muka saya ba. Sai na dubi hannun mutumin, ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe, wanda ƙofar mota ta datse tun ina ƙarama, wanda nake kamawa in za mu tsallaka titi. Jama'a, tarin nan da na ce baiwa ce, a gidanmu na koye shi, kullum da asuba ina jin shi ta bango, ban taɓa tambayar kaina daga ina ya zo ba.

Mu dai abin da muka sani, Baba yana aiki a shagon yadi a Bab Makka. Da farin tob, wato jallabiya, yake fita, da farin tob yake dawowa, yana ƙamshin sabulu. Da na tsare Ummi a kicin ta fara ce min in rufe mata baki, da na ambaci kular sai ta zauna a kan bokiti. Ta ce kafilinsa, mai shagon da ya tsaya masa a takardu, ya rasu, 'ya'yan suka rufe shagon, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare ba wanda ya sabunta, tun lokacin sikirab yake bi, wato tsofaffin ƙarafa da wayoyi, yana sauya kaya a ɗakin wani abokinsa, ya yi wanka a can kafin ya shigo mana. Na ce don me za a ɓoye mana kamar jarirai, ta ce don mutumin nan abin da ya rage masa kenan, ya zauna a kan faranti ɗaya da 'ya'yansa suna ganinsa yadda suka saba. Ta kama kunnena ta ce in na kuskura na nuna masa na sani, ba ta yafe min ba. Ban gaya mata zancen tarin ba, na kasa.

To ga inda abin ya fi ƙarfina. Ranar Asabar ake yaye mu, kowane sabon jagora zai zagaya da baƙi na gaske, kuma an gayyaci iyaye. Saƙon ya shigo wayar Ummi, ƙanina uban iyayi ya karanta shi da ƙarfi ana cin abinci. Baba ya ajiye cokali ya ce, wato 'yar tawa ce za ta tsaya gaban Larabawa da Turawa tana bayani, yalla, ko da rarrafe sai na je. Ya gaya wa duk majalisarsu, har da wani amininsa zai taho da shi. Na ce masa wurin da nisa, ya ce ya san Ammariyya tun ba a haife ni ba. Na ce zafi, ya yi dariya har tarin ya taso. Na kwanta ciwon ciki na ƙarya, Ummi ta ɗura min wani jiƙo mai ɗacin da na ga kakannina, da safe na miƙe ba shiri.

Na je wajen Abla na ce a cire Sarkin Hayaƙi, wasan ya tsufa. Ta ce ina, shi ne abin da baƙi ke tafiya da shi a ka, kuma ko ni na bari sauran jagorori za su yi, rukunin yaron nan mai birgima yana bayan nawa kai tsaye. Na ce to a sauke hoton, bai kamata a liƙa mutum bai sani ba, ta ce fuskarsa a rufe take, wa zai gane shi. Abla mutuniyar kirki ce, amma ba ta iya riƙe magana ita kaɗai, komai sai ta kai wa shugaban ƙungiya, shi kuma kullum yana tare da mutanen baladiya, wato hukumar gari. In na ce babana ne, tambaya ta gaba ita ce a ina yake ƙonawa, ta bayanta kuma takardunsa. Ba na jin za su cuce shi da gangan, amma mutumin da ba shi da iƙama ba ya son a san ko launin takalminsa. Na yi tunanin in tsaya in kare hoton da jikina, hoton ya kai ƙofar gareji, ni kuwa ko labulen taga ban cika ba. Na yi tunanin in yage shi, akwai kyamara a saman wurin. Na yi tunanin in gudu daga ƙungiyar gaba ɗaya, to me zan ce wa mutumin da ya riga ya gayyaci amininsa?

Kowa a wurin nan ba zai gane shi ba, na yarda. Amma shi zai gane baronsa, zai gane kularsa. In ma ya daure ya yi kamar bai gani ba, zai ji wani yaro ya tsuguna yana tarinsa mutane suna tafi, kuma Abla ta saba nuna ni ta ce ga mai wasan nan. Ni da nake iya sa dutse dariya, kwanakin nan in ya yi tari da asuba sai in cusa kai ƙarƙashin filo.

Don Allah iyaye da yayye, ku da kuka fi ni hankali, in karya alƙawarin Ummi in same shi in faɗa masa komai kafin ranar, ko in faɗa wa Abla gaskiya in jefa takardunsa a bakin mutane, ko in yi wata ƙaryar da za ta hana shi zuwa ya zauna yana zaton kunyar nuna shi nake ji? Kar ku ce in yi addu'a kawai, ina yi, har na fi limamin unguwarmu. Ku faɗa min abin da zan yi da ƙafata da bakina. Yanzu haka da nake rubutun nan farin tob ɗin da zai sa ranar Asabar yana rataye a bayan ƙofa, shi da kansa ya goge shi tun jiya, ya hana kowa taɓawa.