Notin da Na Ɗaure

Litinin, 4 ga Maris 1963
Na sauya boris (ƙarfen da taya ke juyawa a kansa) na ƙafar tirela, ta baya ta hagu, na cika shi da giris. Ɗanbaba, tsohon direbanmu, yana tsaye kaina: wai in na ɗaure noti in sassauta shi kaɗan, ƙarfe ma yana son numfashi. Ni Norbert, da takardar makanikanci daga Yamai! Na ƙara wa notin boris ɗin ɗauri don haushi.

Laraba, 6 ga Maris
Mun tashi daga Tibiri da gyaɗa fal. Kowane gari sai Ɗanbaba ya tsaya, ya bi ƙafafun yana dafa cibiyarsu da bayan hannu. A Kore Mairuwa ya tofa yawu a ta hagun nan, ya yi cuu. "Ɗana, wagga ta yi zafi." Na ce rana ce, Kawu, gefen da take duka ke nan. Ya dube ni, ya hau mota. Kafin mu kai kwalta hayaƙi ya tashi, taya ta kama, buhuna suka kama. Shi ya shiga da hannu yana janyo su. Ni rairayi nake watsawa daga nesa.

Alhamis, 7 ga Maris
Hannayensa duka biyu sun ƙone. Ban iya duba ba.

Litinin, 11 ga Maris
Mai mota ya tara mu a Dogon Dutsi. Ya ce tsufa ya ci Ɗanbaba, bai duba ƙafa ba, ya sallame shi. Shekara ashirin yana tuƙi, ko akuya bai taɓa takawa ba. Aka ce, "Makaniki, mi ka gani?" Na ce boris sabo ne. Ba ƙarya na yi ba, ai sabo ne. Tir da ni.

Lahadi, 17 ga Maris
Bayan coci na je gaishe shi. Baturiya, matarsa, tana ba shi fura a baki da ludayi. Na fara kame-kame, ya ce, "Bari, ɗana. Ni na ji zafin ƙafar, ni na tuƙa." Ya san zancen notin, amma ko Baturiya bai gaya wa ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Litinin, 25 ga Maris
Na faɗa wa mai mota komai. Ya ce to mi za ya yi da direban da yatsunsa ba su lanƙwasuwa? Bai ma kore ni ba. Makaniki wuyar samu gare shi.

Asabar, 6 ga Afrilu
Ɗanbaba bai iya riƙe igiyar guga, Baturiya kuma ga ciwon baya. Kwana goma ke nan ina kai musu ruwa tulu huɗu kafin in tafi garaji. Na ce mata hanyata ce. Ta ce, "Garajin ya tashi daga yamma ya komo gabas ke nan?" Ɗanbaba ya ce ta bar ni in zuba.