Tukuicin Inna ga Jirgin Nafisa

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya ruwan Fatakwal, yaya ƙafar taka? Mu a Birnin Kebbi sai godiya.

Na san ba ka ɗaga wayar 'yarka Nafisa tun da ta ajiye aikin gwamnati ta buɗe kamfanin kai kaya da jirgi marar matuƙi. Ni ma na sha yi mata tsiya.

Makon jiya gulbi ya cika ya yanke hanyar ƙauyenmu, ga maganin hawan jinin Inna ya ƙare. Nafisa ta tura jirginta da maganin daga Argungu, ya sauka tsakar gidan Inna lafiya. Sai ya ƙi dawowa. Ashe Inna ta cika akwatin jirgin da albasa da bandar kifi har ya kasa tashi. Duk karatuna ban taɓa jin injiniyan da ya sa tukuici a lissafi ba. Nafisa ta kira tana roƙon a rage, Inna ta ce, "Ke ɗiyar nan, ɗan aike ya ƙetaro ruwa in maishe shi hannu wohi? Ba gidana ba!" Da ƙyar aka daidaita a kan kifi ɗaya.

Ina wurin Nafisa a Argungu da jirgin ya dawo, tana dariya ta ciro kifin, sai idonta ya cika. Ta ce, "Baffa, ina ma Baba ya gani."

Yaya, albarkarka kawai take jira. Ka kira ta. A sa mu a addu'a, a gaishe min da kowa.

Ƙaninka,
Sani