Ɗana Yana Tafe a Baya

Hanyar Talpa,
16 ga Maris.

Zuwa ga Yaya Herminia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya Mama da gwiwarta? Ni dai tafin ƙafa ne ke ƙorafi, sauran jiki ƙalau.

Kin ce in rubuto miki gaskiyar yadda nake cika bakancen Baba: zuwa majami'ar Maryamu ta Talpa a ƙasa sau ashirin da biyar, ya rasu saura ɗaya. To, ga gaskiyar. Da hantsi na iso gindin dutsen da ake kira Gadon Bayan Shaiɗan. Na dube shi, ya dube ni. Tsofaffi da masu goyo suna ta hawa suna waƙa. Ni kuwa, malamin tarihin da ya karanta littafi uku a kan wannan hanya, sai na tsayar da a-kori-kurar masara na haye. Na ce wa kaina ai Maryamu ba ta ƙirga taku.

A ƙauyen da ke bayan dutsen akwai wata tsohuwa, Doña Petra, mai ciyar da matafiya wake da gurasar masara a ƙofar gidanta. Nata bakancen ke nan. Tana ganin sandar gorar Baba a hannuna ta cafke ta.

"Ta Don Nicanor ce. Kai ne malamin? Ka makara, ɗan nan. Kowace shekara sai ubanka ya sa na ajiye kwano guda, wai ɗansa yana tafe a baya, yana tafiya yana karatu, shi ya sa ba ya sauri. In jira har rana ta faɗi, sannan in zuba wa karnuka. Dubi ƙibarsu, duk rabonka ne."

Na gaya mata rasuwarsa. Sai ta ce, "Amma da ƙafarka ka hau masa dutsen, ko?" Na ce e.

Yaya, kin san abin da nake ce masa duk Maris in yana ɗaura takalmi: "Baba, an ƙirƙiro bas fa." Sai ya yi dariya ya fita. Ko sau ɗaya bai ce in raka shi ba, ni kuma na ɗauka bai damu ba.

Doña Petra ta kawo kwanon, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Gobe da safe zan koma gindin dutsen, daidai inda na hau motar. Ki ce wa Mama zan ƙara kwana ɗaya, kada ki faɗa mata dalili. Hanya ɗaya ce, dole in sake biyowa ta ƙofar Doña Petra, kuma har yanzu ban san me zan ce mata ba.

Ki gai da mijinki da yara.

Ƙaninki,
Anselmo