Na Yi wa Dada Alkawarin Hawa Jirgi, Tuƙin Kuma Ya Fara Kuɓuce Mini

Baba Ɗanlarai, don Allah ka taimake ni da shawara. Abin nan ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni likitan dabbobi ne a nan Bauchi, ina zaune a Gwallameji. Shekara shida da suka wuce na cika burin da nake da shi tun ina bin shanu a wajen Zungur: na koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu, na samu lasin, irin na mai tuƙa kansa da iyalinsa. Tun daga nan sunana ya ɓace a unguwa, har mai keken da ke kai ni aiki Kyaftin yake ce mini. Abin da ba su sani ba, bara gaba ɗaya awa bakwai na yi a sama. Nan babu inda zan samu jirgi, sai na yini a mota zuwa wani kulob a wata jiha. Ga tsada, ga aiki. Da an shiga rigakafin shanu ko abincin rana ba na samun ci, balle jirgi.

To, ga inda matsalar take. Ni ne ɗan fari, ka kuwa san kunyar iyayenmu Fulani. Mahaifiyata, Dada muke ce mata, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa neman ko allura a wajena ba. In na je gaishe ta a Inkil, bango take kallo tana amsawa. Sai ga shi watan jiya ta aiko ƙanena Sabitu, wai a faɗa wa "wancan" tana so kafin ta mutu ta ga burtalin da suke bi da shanu tana yarinya, daga sama. Wallahi sai da na yi hawaye. Ban tsaya wani tunani ba na ce bayan Babbar Sallah. Kulob ɗin sun yarda su kawo mini jirgin har nan Bauchi. Sabitu kuwa bakinsa ba ya riƙe magana, dangi kaf sun ji.

A doka, ba ka ɗaukar fasinja sai ka tashi ka sauka sau uku cikin kwana casa'in. Shi ya sa na je kulob ɗin, rabona da jirgi wata biyar. Akwai takardar da ake bi layi-layi kafin sauka, ni kuma girman kai ya sa na cusa ta a aljihu, wai na haddace. Ashe ban sauke fiffiken da ke rage gudu ba. Na shigo a guje, ga iska ta gefe, jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle, ya sake duka. Ana yi mini magana a rediyo, kalmomin da ake amsawa da su duk sun ɓace mini. Sai ji na yi malamin tuƙin da ke gefena ya ce, "Saki, na karɓa." Daga baya na yi sauka ukun, an rubuta a littafina, a takarda na cika sharaɗi. Amma ni na san hannuna bai dawo daidai ba tukuna.

Na dawo gida na ce lafiya lau, ko matata ban faɗa wa ba. Tsoro nake ji, Baba. In na fasa, na san Dada ba za ta ce uffan ba, kuma ba za ta sake neman komai a wajena ba har abada. In na ɗauke ta hannuna ya sake rikicewa fa? Sallah saura mako biyar.

Naka, Ɗan Fari daga Gwallameji

AMSA

Ɗana, ni ko tsani na hau sai na yi addu'a, don haka na kai wasiƙarka wajen Kyaftin Juliana, wadda ta daɗe tana koyar da tuƙin jirgi kafin ta yi ritaya. Ta ce ba ka manta tuƙi ba, hannu ne ya kwana biyu, kuma hakan na samun duk wanda ba ya tashi a kai a kai. Abin da ya ɓata mata rai shi ne takardar da ka cusa a aljihu. Ta ce ita da furfurarta ba ta taɓa sauka ba tare da ta karanta ta ba.

Ga abin yi. Awa bakwai ɗin nan, ka raba su wata-wata, ya fi ka tara su ka zube a tafiya ɗaya. A gida, kullum ka ware minti goma sha biyar, ka zauna a kujera da takardar a hannu, ka bi ta da ƙarfi, hannunka na taɓa kowane maɓalli a inda ka san yake. Ka yi maganar rediyo da bakinka. Matarka za ta yi dariya, sai ka faɗa mata dalili, daman ya kamata ta sani. Kafin Sallah kuma ka koma wajen malamin nan sau biyu, ku yi ta sauka cikin iskar gefe har sai shi da kansa ya gamsu.

Ban ce ka fasa ba. Roƙon uwa irin wannan ba a wasa da shi, kuma na ji nauyinsa a wasiƙarka. Amma burtali ta ce tana so ta gani, ba ta ce sai kai kaɗai a gaba ba. Kujera huɗu ce. Malamin ya zauna gefenka, Dada a baya. Masu ce maka Kyaftin su faɗi abin da suka ga dama, ba uwarsu ce a ciki ba.

In kuma ranar ta zo iska ta yi yawa, ko ka ji gabanka na faɗuwa, ka ɗaga tafiyar ko da Dada ta riga ta hau ta zauna. Gara ta koma Inkil a keke tana fushi da kai. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sauke ku lafiya.

Baba Ɗanlarai