Rigar Baba Malam a Jikin Ɗan Wasa

Kusada,
12 ga Maris, 1976.

Zuwa ga Yaya Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya a Fatakwal, kai da Luba da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan sai godiya. Ƙanwarmu Hawwa ta sauka lafiya, an sami mace. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai yanar idon nan da ke ƙara rufe mata gani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Yaya, abin ƙyama ne da ƙanenmu Sada ya jawo mana. Watan jiya wasu 'yan wasan kwaikwayo suka sauka Kankiya daga Kaduna tare da mai ɗaukar hoto, wai suna shirya majigi, kuma za a ɗauki kowane ɗan wasa cikin shigarsa a buga a kalanda. Suna neman kayan malami na gaske. Sada kuwa ka san shi, da ya ga baƙi da mota sai kansa ya kwance. Ya buɗe adakar marigayi Baba Malam ba da sanin kowa ba, ya kwashi rigar saƙin nan mai aska takwas da rawani da buzu ya kai musu. Kayan mutumin da har ya koma ga Allah bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba.

Na bi shi Kankiya don in karɓo, na kuwa ga abin takaici. Ɗan wasan, wani wai shi Jaji, an manna masa gemun gashin akuya da ƙaro, an shafe shi da hoda, ya hau buzun Baba da takalmi. Mai hoto yana ta juya masa haɓa kamar mai tayin rago, wai ya ƙara sunkuyar da kai don kamala ta fito. Da an ce a huta sai ya kunna taba, rawanin Baba na kansa. Na tambayi matsayinsa a wasan, aka ce malamin ƙarya ne mai cutar mata. Da na yi magana, mai hoton ya ce ban san fasaha ba. Rigar ta dawo da warin taba da dabbaren hoda a wuya. Na wanke ta sau uku, har yau ƙyamar taɓa ta nake.

To, abin bai tsaya nan ba. Sada ya shigo gida da hotuna biyu yana taƙama, Inna ta karɓi ɗaya ta kai dab da idonta. Fuskar ba ta gani sosai, amma ta gane rigar, tunda ita ta kaɗa zarenta. Sai ta fashe da kuka, ta ce ashe Malam ya bar mata kamanninsa bai faɗa ba. Yanzu hoton yana ƙarƙashin matashinta, kullum sai ta ciro shi ta yi addu'a. Ga kalanda za ta fito, ga majigin za a kai har ƙauyukan Ƙofa da Dudunni, inda ɗaliban Baba duk sun san rigar nan. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Ɗayan hoton, Inna ta tsaya a kaina sai da na sa shi cikin ambulan ɗin nan, wai 'ya'yanka su san kakansu. Don Allah kada ka nuna musu. Kai ne babba, ka rubuto ka gaya mini ko in faɗa mata gaskiya kafin ta ji a bakin mutane, ko in bar ta da Jaji ƙarƙashin matashi. Ni dai na gwada sau biyu na kasa.

Ka gaishe mini da Luba da Halimatu da Hussaini. Kawu Mamuda da Hawwa suna gaishe ku. Inna ma tana gaisuwa, ta ce ka duba ka ga yadda Malam ya yi kyau.

Ƙanwarka,
Hannatu.